Taki a gindin dawa

Daren Talata, tsakiyar damina

Barci ya ƙi zuwa. Ɗazu Hauwa, 'yar ƙanena mai karatun haɗa magunguna, ta same ni a gona ina sa taki. Take ba ni labarin wani maganin ciwon daji da ake kan gwadawa. Wai magani iri biyu ake ƙunshewa cikin wani abu mai kama da roba, ƙanƙane har ido ba ya ganinsa. Haka zai bi jini a rufe, sai an haska wani haske daidai inda ciwon yake sannan ƙunshin ya buɗe. Sauran jiki ba ruwansa.

Nan take Baba ya faɗo mini a rai. Shi ba ya watsa taki. Da murfin kwalba yake auna wa kowace dawa a gindinta, muna biye muna rufewa da ƙafa. In na gaji na watsa, sai ya ja mini kunne: "Ciyawa kake kiwo?"

Shekarar da ciwon daji ya kwantar da shi asibiti a birni, maganin da ake ƙara masa ya zubar masa da gemu, baki duk gyambo, ko kunu ba ya wucewa. Ya dube ni ya ce, "Wannan kam watsa shi suke yi." Har dariya muka yi.

Na tambayi Hauwa yaushe sabon maganin zai iso mana. Ta ce, "Baffa, da saura tukuna."

Sai na sunkuya na ci gaba da aunawa, don kada ta ga idona. Allah ya ji ƙan Baba.