Kafin Makon Tsere Ya Shigo

Zuwa ga Yayata Majken,

Ƙanwarki Tindra ce ke gaishe ki, gaisuwa mai tarin kewa. Ina fata takardar nan za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Yaya Duncan da ɗanmu Alvar. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa miki aikin asibiti, ya raya mana yaro. Na ga hoton da kika turo. Kunnuwansa na Baba ne sak, amma kada ki gaya wa Duncan ni na faɗa. Mu nan jiki lafiya lau. Ƙafar Kaka Gunvor ta yi sauƙi, har tana shiga daji da bokitinta tsinkar 'ya'yan itace, ta dawo yatsu duk sun yi shuɗi. Kawu Bosse yana nan da tumbinsa da tsiyarsa. Ni kuma na koma makaranta, sun sake sa ni a kujerar gaba, inda na fi tsana.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna alhali ga waya. Yaya, in na ji muryarki kuka zan fashe da shi, ki yi ta tambaya mene ne, ni kuma in ce ba komai. Kin san halina. A takarda ne kawai maganata ke fita har ƙarshe, don haka ki yi haƙuri ki karanta duka.

Kin san yadda gidanmu yake tun kafin ki tafi Halifax. Baba a cikin motar tsere, Mama a kan katangar gefen fili da abin kunne na rediyo, tana gaya masa wa ke bayansa, yaushe zai taka, yaushe zai lallaɓa taya. A filin tsere kowa cewa yake bai taɓa ganin mata da miji da suka san juna kamar Håkan da Pernilla ba. Ni ma haka na ɗauka. In mota ta fara zamewa ta ce masa ya natsu, tana ganinsa, sai in ji tsigar jikina ta tashi. Duk littattafan soyayyar da na cusa ƙarƙashin gado, babu wanda na karanta magana mai daɗin wannan a ciki. Abin da ban lura da shi ba sai bana shi ne, a gida ba sa magana. Da can ba a gane wa, don tsakanin wannan zangon gasa da na gaba mako biyu ne ko uku. Kafin shirun ya yi nauyi an tura mota cikin tirela, an cika jaka da burodin kirfa, an kama hanya.

Bana kuwa, bayan zangon Yuni, masu shirya gasar suka soke na tsakiya, aka ce sai Satumba. Rani guda cur babu tsere. Mama ta yi murna kamar yarinya. Ta ce a karon farko za mu je gidan katakon Kaka na bakin tafki kamar sauran mutane, mu yi iyo, mu yi barci har rana ta take. Baba ya ce to, bari dai ya gama gyaran giyar mota. Ya gama giya ya shiga birki. Ya gama birki ya ce akwai wata ƙara a baya da ba ta kwanta masa ba. Jakar da Mama ta haɗa ta zauna a bakin ƙofa har na saba tsallake ta. Kawu Bosse ma da ba ya ganin komai sai sifana, wata rana ya ce wa Baba ko amarya ba a yi mata kwalliyar da ake wa motar nan ba, ya leƙa cikin gida mana, ta ciki don ba ta ƙara ne shi ya sa bai san ta lalace ba. Baba ya ce masa ya rufe baki ya miƙo masa fitila, tsohon gwauro zai koya wa mutane aure. Suka yi dariya. Ni ma na yi, Allah ya yafe mini.

Farkon Agusta muna cin abincin rana, sabon dankali da kifi, Mama ta ajiye cokali ta ce ta karɓi aikin koyar da lissafi a garin Umeå, za ta zauna wajen Inna Lotta, kuma ba hutu za ta je ba. Na kalli Baba. A zuciyata na gama tsara abin da zai yi: zai tashi, kujera ta faɗi, ya riƙe hannunta. Yaya, kin san abin da ya ce? Ya ce to zangon Satumba fa, wa zai riƙe rediyo? Mama ta yi wata irin dariya da ban taɓa ji daga bakinta ba, ta kwashe kwanuka.

Washegari da la'asar ina karatu a kicin, Mama na ninke kaya, sai abin kunnenta da ke rataye bayan ƙofa ya fara ƙara. Na leƙa taga. Ƙofar gareji a buɗe, mota a ɗage babu taya ko ɗaya, ga Baba a ciki ya sa hular kwano, ya ɗaure bel kamar za a tashi tsere. Kiranta yake ta rediyo. Ta daɗe tana kallon abin kafin ta sa a kunne, amma muryarsa na fitowa har inda nake. Ya ce ba ya ganin gabansa, ya ɓata hanya, ta gaya masa abin da zai yi. Na ajiye littafi, hawaye na zuba, na ce shi ke nan, ga inda labari ke gyaruwa. Mama ta amsa da muryar nan tata ta fili, a hankali. Ta ce tana ganinsa, tun kafin a haife mu take ganinsa, amma ta gaji da zama murya a kunne. Ta ce ya cire hular, ya tsallako tsakar gida, ya shigo ya faɗa mata wannan maganar ido da ido, za ta kwance jakar da hannunta.

Muka jira. Ta zuba kofi biyu. Ina kallonsa ta taga, hannayensa a kan sitiyari, bai motsa ba. Kofin ya huce. Da ya shigo daga baya, gashinsa ya kwanta da gumi, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hular a hannu. Can sai ya ce kamar batirin rediyon ya yi sanyi, zai duba. Ba mugunta ba ce, Yaya. Na ga fuskarsa. Maganar tana nan, ta ƙi fita ne kawai. Na gane wannan ciwon, don daga wajensa na gada.

Ni na raka Mama tashar jirgin ƙasa. Ta gyara mini wuyan riga, ta ce ɗakina yana nan a Umeå duk ranar da na so, kuma in rage karatu a duhu. Ta ce ba za ta zo zangon Satumba ba, ba kuma za ta zo na bayansa ba. Ta ce ta gaya masa da bakinta, amsar da ya ba ta ita ce, to, sai sun haɗu a fili. Tun daga nan ta daina ɗaukar wayarsa, wai kada ta ba shi abin riƙewa.

Shi ya sa nake rubuto miki. Baba bai yarda ba. Ya sa sunanta cikin waɗanda za su shiga fili, ya goge abin kunnenta ya sa a jakarsa. Yana ce wa Kawu Bosse wannan tazarar ce ta yi yawa, kowa ya gundura, da ta ji ƙarar inji za ta taho, matar da ta hau katanga da cikina wata takwas. Kin kuma san dokar gidanmu: daga Litinin ta makon tsere ba a gaya wa direba mummunan labari. Ko rasuwar Kaka Sixten sai da aka kaɗa tutar ƙarshe aka gaya masa. Kawu Bosse ya ce mu bi doka, shi zai hau katanga, in Baba ya tambaya a ce jirginta ne ya makara, a lallaɓa shi har Lahadi. Ya ce ke 'yar littafi, bar wa manya wannan. Ni kuwa na kasa barci a kansa. Ina hango shi yana fitowa kwanar ƙarshe da wannan gudun, idonsa a kan katanga yana nemanta maimakon hanya.

Na gwada da kaina. Na tsaya a ƙofar gareji na haddace abin da zan faɗa, ya ɗago kai daga ƙarƙashin mota ya ce yaya dai, 'yar Baba, sai na ji bakina ya ce kofi ya yi. Sau biyu ke nan.

Don Allah, Yaya, ki kira shi kafin Litinin ɗin ta shigo. Ke ba kya kewaye-kewaye, kuma ke kina nesa. Baba ba ya iya ɗaukar magana in ana kallonsa, amma abin da aka faɗa masa a kunne yana ji, yana kuma bi. Ki kira shi da rana, lokacin yana gareji. Ki ce masa Mama ba za ta zo ba. Ki faɗa a gajarce, ki maimaita, ki jira sai ya ce ya ji. Ni zan zauna a kan tsohuwar tayar nan ta bakin ƙofa, in ya ajiye waya ba zai fito ya tarar da tsakar gida babu kowa ba. Wannan kam zan iya.

Ki gaida Yaya Duncan da mahaifiyarsa, ki ce na gode da safar da ta saƙa mini. Ki sumbaci Alvar a kunnuwan nan nasa. Kaka Gunvor na gaishe ku, ta ce ta ajiye miki kwalba biyu na 'ya'yan itacen da ta dafa, ita ba ta san komai ba tukuna. Kawu Bosse ma ya ce in gaida 'yar Kanada, bai san abin da na rubuta ba. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarki da ke jiran ƙarar wayar gareji,
Tindra