Mai Tashar da Ba a Gaya wa Ba

Daren Laraba, University Heights

Wata uku ke nan ina tono tarihin tsohon layin dogon nan na yammacin Amurka. Wani kamfani ya shimfiɗa, wani ya saye, wani ya haɗiye mai sayen. Yau a laburare na ga wasiƙun wani mai kula da tasha, yana ta aika rahoto ga kamfanin da ya riga ya rushe, ba wanda ya gaya masa.

Da la'asar editan mujallar da nake rubuta wa tarihin ya kira. An sayar da ita tun makon jiya, kuma sababbin masu ita ba sa son tarihi.

Matata Hadiza na zuba tuwo ta ce, "To Baban Amina, wa kake rubuta wa yanzu?"

Saura shafi biyu, gobe zan ƙarasa in tura.