Ku Cire Sunan Ɗana Daga Kokawar Bayan Girbi

Zuwa ga Shugaban kwamitin kokawa na ƙauyukanmu,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya. Ni ne Ilu na yankin Mallawa, tsohon ɗan kokawa, mahaifin Habu. Sau uku ina hawa kabu-kabu zuwa bironka, wato ofishinka, ban same ka ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a. Na kasa zaune, na kasa tsaye.

Na farko: a filinku Habu ya murɗe gwiwa, kana zaune a rumfa. An yi masa radiyo, wato hoton ƙashi, a Magariya, ba a ga karaya ba. Amma likita ya ce ƙaramar tsagewar ƙashi tana ɓuya a radiyo. Ya rubuta a kai shi Yamai a yi masa wani hoto dabam, wanda ake yin allura a jijiya, a jira sa'o'i, na'ura ta nuna inda ƙashi ke ciwo. Takardar sati uku ke nan a tebur ɗinka tana jiran sa hannu, alhali ku kuka yi alkawarin kai shi.

Na biyu, kuma shi ya fi ci mini rai: kun riƙe "babu karaya", kun sa sunansa a karawar da ke tafe. Har kun turo makaɗa ƙofar gidana! Haba, Ranka ya daɗe! Kai ma ka san ɗan kokawa ba ya jin takensa ya zauna. Mutumin da sai ya dafa bango yake shiga ɗaki, ran nan ya miƙe yana kirari, matarsa tana kuka a bayan zana. Da yamma gwiwar ta kumbura kamar tulu.

Ba sarautar fili nake nema masa ba. Da ƙafar nan yake noma geron da 'ya'yansa uku ke ci.

Roƙona: a sa hannu satin nan, a cire sunansa har hoton ya fito, a hana makaɗa zuwa unguwarmu.

Ni ma haka aka kaɗa mini ganga da ɗanyen ciwo, na shiga, aka yi guɗa. Tun daga ranar a zaune nake salla, ƙafa a miƙe a ƙarshen sahu. Ba na son ɗana ya zo ya zauna kusa da ni.

Allah ya yi maka jagora, ya bar maka gwiwoyinka lafiya har tsufa.

Wassalam,
Ilu, mahaifin Habu