Baƙi Biyu a Shafina

Laraba, bayan Isha'i.

Gwiwa ta lafa, tarin ne bai bar ni ba.

Da ɗiyata Hajara za ta buɗe mini shafin intanet da sunana, cewa ta yi, "Baba, mutane suna dandalin zumunta." Na ce na tsufa da zaman rumfar wani, zaurena nake so.

Na rubuta labarin ajinmu na Argungu. Yau shafin ya nuna baƙi biyu. Don murna har na kira ta. Ta ce, "Baba, kai ka shiga sau biyu."

Malam Umaru, shi kaɗai ya rage mini a ajin, ya ce zai zo in karanta masa. Tun azahar na shimfiɗa tabarma. Bai zo ba. Yanzu na naɗe ta.