Rasuwar Kyaftin Kurahashi, Mai Sandar Tuƙi

Cikin alhini, Ƙungiyar Matuƙan Kumbon Fasinja ta Hokkaido ta sami labarin rasuwar ubanta, tsohon shugabanta, malamin malamanta, Mai Girma Kyaftin Tadanori Kurahashi, wanda ya cika a gidansa na bakin teku bayan doguwar jinya.

Marigayin ya fara tuƙa jirgin sama da baƙin gashi, ya koma kumbo da furfura, kuma babu matuƙi a cikinmu da bai sha faɗansa a ɗakin gwaji ba. A zamanin da na'ura ke ɗaga kumbo, ta haɗa shi da tashar sama, ta dawo da shi ba wanda ya taɓa komai, shi Kyaftin ya kafe sai kowane ɗalibi ya iya yin hakan da hannunsa a kan sandar tuƙi. In aka ce masa na'urar ba ta taɓa kuskure ba, sai ya ce, "Matata ma ba ta taɓa ƙona shinkafa ba, amma na koyi dafawa." Har ya ajiye aiki buƙatar sandar ba ta taso ba, kuma hakan bai taɓa sa ya sauko ba.

Babbar abokiyar gardamarsa kuwa 'yar cikinsa ce, Injiniya Chizuru Kurahashi, shugabar masu zana sabon kumbo, wadda aka bar wa hukuncin cire sandar ko barinta. Uwargidansa, Fumie, ta shaida mana miya ta sha hucewa a gabansu: 'yar na kawo hujjar nauyin sandar da haɗarin hannun ɗan Adam, uban na cewa, "Yarinya, wanda ya tsorata yana son abin riƙewa."

Da yake ba a sa ƙarfe a akwatin gawar da za a ƙona bisa al'adar ƙasarmu, ɗalibansa suka sassaƙa masa sanda ta itace. Injiniya Chizuru ce ta ɗora masa ita a hannun dama, ta ce, "Baba, wannan tafiyar kai za ka tuƙa, ba mai yi maka gardama."

Muna roƙon Ubangiji ya ba Uwargida Fumie da zuriyarsa baki ɗaya haƙuri da juriyar wannan babban rashi, musamman Injiniya Chizuru, wadda ta ba mu izinin sanar da jama'a cewa an kammala zanen sabon kumbo, kuma sandar tana nan a gefen dama, inda ya bar ta.

Kyaftin Morio Shibasaki (mai ritaya)
Kakakin Ƙungiya