Na fita cikin takaba, ki yi haƙuri

Balkissa,

Na leƙo kina barci, ban so in tashe ki ba. Na tafi wurin da gwamnati ke rubuta sunayen waɗanda guguwar nan ta shafa. Maman Adjoa, maƙwabciyarmu ta ƙasan bene, ita ce za ta raka ni a bas, ita ke jin Turanci. Jiya ta je, ta ba su labarin yadda ruwa ya tafi da motar yayanki yana ciki. Suka ce akwai taimako, har na jana'iza, amma gara matarsa ta zo da kanta.

Na san ina takaba. Na tambayi Malam, ya ce lalura ce, in je in dawo kafin magariba. Idan Hajiya ta farka ta neme ni, ki faɗa mata gaskiya, ki ba ta haƙuri. Ɗanta ne, ba na son ta ga kamar na yi saurin mantawa.

Za ta ce sanyi, a hura mata gawayi tunda ba a dawo da wuta ba. Don Allah kar ki hura a ɗaki, ko ta yi kuka. An ce yana kashe mutum cikin barci. Ki ƙara mata bargona. Gidan nan ba zai iya ɗaukar wata gawa ba.

A can za su tambaye ni yadda yayanki ya rasu. Ki yi mini addu'a bakina ya buɗe.

Zaituna