Alluran gwiwar Kaka

Goggo Hajaru,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Baffa? Mu nan Gwandu lafiya lau.

Na kai Kaka tsohon asibitin kyauta na zamanin Turawa. Likita ya ba ta ƙwayoyi, wata 'yar Sin ta soka mata siraran allurai a gwiwa. Kawu Bello ya ce allurar da ba magani ciki wasa ce, ya kirawo wanzami. Ni da ake wa gorin littattafan soyayya, na tare ƙofa na ce, "Kawu, ba mai tsaga ta." Ban kauce ba har wanzamin ya tafi.

Jiya Kaka ta yi sallah a tsaye. Alhamis za mu koma, ko Kawu ya ƙi.

Ki sa mu a addu'a. A gaida Yaya Safiya.

'Yarki,
Nafisa